IDAN AN SAKE WA KARE ABINCI SABODA ƘAIƘAYI

A gidajenmu da yawa kare ma'aikaci ne. Shi ne mai gadi da dare, shi ne ɗan rakiya zuwa gona, shi ne kuma abokin wasan yara. Saboda haka idan ya kama susa ba dare ba rana, gashinsa yana zubewa, kunnensa yana wari, damuwar takan shafi kowa a gidan.

A manyan garuruwa yanzu akwai likitocin dabbobi da sukan ce wa mai kare, "Watakila abincinsa ne jikinsa ba ya so, a sake masa wani." Sai maigida ya daure ya sayi buhun abinci na musamman da kuɗi mai yawa. Bayan kwana uku sai ga kare yana zawo, susa kuma ba ta ragu ba. Sai maigida ya ce an cuce shi, ya koma wa tsohon abinci. Kuɗi ya tafi, kare yana nan cikin wahala, ba a kuwa gane kome ba.

Sau da yawa abincin ba shi da laifi. Ciki yana da nasa lokaci, fata ma tana da nata, kuma na fata ya fi na ciki tsawo ƙwarai. Wanda ya san wannan tun farko ba zai karai a tsakiyar hanya ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

ME KE JAWO CIWON?

Jikin kowace dabba yana da sojojin tsaro a cikin jini, aikinsu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci waɗannan sojoji sukan yi kuskure, su ɗauki abu mara lahani a kan abokin gāba, su far masa. Wannan kuskure shi ne likitoci suke kira alaji. Wani likitan yara na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙago sunan a shekarar 1906.

A cikin abinci, abin da sojojin suka fi kai wa hari shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, da madara, da ƙwai, da wake, da hatsi. A shekarar 2016 waɗansu likitocin dabbobi uku, Ralf Mueller na Jamus, da Thierry Olivry mai aiki a Amurka a lokacin, da Pascal Prélaud na Faransa, suka tattara labarin karnuka 297 da aka tabbatar abinci ne yake damunsu. Suka tarar naman shanu ne kan gaba, kashi 34 cikin 100. Madara da abin da ake yi da ita ta biyo baya da kashi 17, naman kaza kashi 15, alkama kashi 13. Ka ga ke nan abincin yau da kullum ne yake jawo ciwon. Kare yana iya shekara da shekaru yana cin abu lafiya lau, sa'an nan daga baya jikinsa ya juya wa abin baya.

Alamun ciwon su ne lasar ƙafafu da cizonsu, da susar kunne, da goga fuska a ƙasa, da jan fata a hammata da matsematsi da ƙarƙashin ciki. Waɗansu karnuka kuma suna haɗawa da laushin kashi, da yawan tusa, da fita kashi sau da yawa a yini. Ƙaiƙayin ba ya bin lokaci, rani da damina duk ɗaya ne.

Akwai wani abu dabam da ya kamata a rarrabe. Babban kare da yawa ba ya iya narkar da madara sosai, in ya sha da yawa sai ya yi zawo. Wannan raunin narkarwa ne kawai, sojojin jini ba su da hannu a ciki, ba ya kuma kawo ƙaiƙayi.

A FARA DA ƁARAYIN DA AKA SANI

Kada kowa ya ga karensa yana susa ya ruga sayen abinci mai tsada. Cikin dukan karnukan da ake kai wa likita, kamar 1 ko 2 ne kaɗai cikin 100 suke da alajin abinci. A ƙasarmu mai zafi ƙuma da kaska da ƙazuwa su ne ya kamata a fara tuhuma idan kare yana susa, tsutsar ciki kuma idan yana zawo.

Ƙuma ta fi sa kare cizon gindin wutsiya da bayan cinya. Ƙazuwa kuwa takan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba, kuma tana iya kama mutane. Idan yaran gida su ma sun fara ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu ko ciki, to, a gaya wa likita nan da nan. Likita yakan kankare fata kaɗan ya duba da madubin likita, ya kuma duba kashi. Da yake ƙwaron ƙazuwa yana da wuyar gani, sau da yawa likita yakan ba da maganinta ko da bai gan shi ba. Ana yin irin wannan bincike a asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da makamantansu.

Sai an kawar da waɗannan duka, susa ba ta daina ba, sa'an nan za a juya kan abinci.

Wata gargaɗi kuma. Akwai kamfanoni a ƙasashen waje da suke cewa a aika musu da gashin kare ko yawunsa, su faɗi abincin da ba ya so. A wani bincike da aka buga a 2019, masu binciken sun aika da gashin 'yartsana da ruwan famfo a madadin gashin kare da yawunsa, sai ga sakamako ya dawo wai "karen" yana da alaji. Gwajin jini ma ba abin dogara ba ne a kan wannan ciwo. Hanya ɗaya tak ce tabbatacciya, wato a sake abinci a sa ido.

ABINCIN GWAJI IRI BIYU NE

Na fari shi ne baƙon abinci. Ana zaɓen nama iri ɗaya wanda karen bai taɓa ci ba, a haɗa da abin cika ciki iri ɗaya. Misali naman zomo da dankali, ko zomo da doya, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba mai, ba dunƙulen miya. Da yake sojojin jini ba su san wannan nama ba, ba su da abin faɗa da shi. Amma a lura da dangantaka. Karen da ba ya jituwa da naman shanu yana yiwuwa naman rago ko na akuya ma ya dame shi, wanda kuma ba ya jituwa da kaza, talotalo ba lalle ya karɓe shi ba. Kuma dafaffen nama da dankali kaɗai ba cikakken abinci ba ne, gama ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi. Babban kare zai iya jimrewa wata biyu, amma kwikwiyo mai girma da karya mai ciki ko mai shayarwa ba za a sa su a kansa ba sai likita ya tsara abin da za a ƙara.

Na biyu shi ne abincin kamfani wanda aka farfasa furotin ɗinsa. A masana'anta ana yayyanka furotin ya zama ƙanana ƙwarai, har sojojin jini su kasa gane shi. Kamar a ce an yayyaga hoton mutum gutsi-gutsi, ko ɗan'uwansa ba zai shaida shi ba. Tun da daɗewa ake yin wannan dabara a madarar jarirai, sa'an nan wajen ƙarshen shekarun 1990 aka fara yi wa karnuka. Kamfanoni irin su Purina da Hill's da Royal Canin suna yin sa, waɗansu daga waken soya, waɗansu daga hantar kaza, waɗansu ma daga gashin tsuntsaye. Daga Turai da Amurka ake shigo da yawancinsa, shi ya sa yake tsada.

A yi hankali da buhun kanti wanda aka rubuta masa "nama iri ɗaya" ko "ba ya kawo alaji". An sha gwada irin waɗannan a ɗakin bincike a tarar da ɓurɓushin kaza ko shanu ko soya waɗanda ba a rubuta a jikin buhun ba, domin inji ɗaya ne yake niƙa abinci iri-iri. Don gwaji, a nemi wanda likita ya zaɓa.

ABIN DA CIKI ZAI YI

A cikin hanjin kare akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da suke taimakonsa narkar da abinci. Sun saba da abincin da yake ci kullum. Idan an sake abinci farat ɗaya, sukan rikice, sai ka ji ciki yana ƙugi, kare yana tusa, kashi ya yi laushi. Ko mutum ma in ya je baƙuwar ƙasa ya ci abincinsu, cikinsa yakan yi magana kwana biyu.

Maganin wannan shi ne a bi sannu, cikin kwana 7. Rana ta 1 da ta 2, a sa kashi ɗaya na sabon abinci, kashi uku na tsoho. Rana ta 3 da ta 4, rabi da rabi. Rana ta 5 da ta 6, kashi uku na sabo, ɗaya na tsoho. Rana ta 7, sabo zalla. Idan kashi ya yi laushi a wani mataki, a tsaya a nan kwana biyu kafin a ci gaba. Kare mai raunin ciki yana iya bukatar kwana 10 ko 14. Sannu ba ta hana zuwa.

Abincin da aka farfasa yana da halinsa guda biyu da ya kamata a sani. Ƙananan gutsattsarin nan sukan jawo ruwa zuwa cikin hanji, don haka kashin waɗansu karnuka yakan yi laushi, launinsa ma ya sake. Sa'an nan yana da ɗan ɗaci, har wani kare ya shinshina ya juya. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, ƙanshin zai tashi. Kada a zuba masa romo ko miya don a jawo hankalinsa, gama wannan zai ɓata gwajin gaba ɗaya.

A auna abincin bisa ga nauyin karen kamar yadda aka rubuta, a raba shi sau biyu ko uku a yini. Yawan ci kaɗai ya isa ya kawo zawo. A ajiye ruwa mai tsabta kullum a inuwa. Kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar kamar lita 1 a yini, lokacin zafi kuwa fiye da haka.

Idan karen yana cikin waɗanda alaji ya taɓa musu ciki, a nan ne za a fara ganin sauƙi. Cikin mako 1 zuwa 2 da komawa sabon abinci zalla, kashi yakan daidaita, tusa ta ragu.

ABIN DA FATA ZA TA YI

Fata ba ta sauri. Fatar kare mai lafiya takan ɗauki kamar mako 3 kafin ta sabunta kanta, balle wadda aka yi watanni ana yakusa. Likitocin nan uku da muka ambata sun bincika wannan ma a 2015. Suka tarar a mako na 3 kamar rabin karnuka masu alajin abinci ne suka sami sauƙi. A mako na 5 fiye da kashi 80 cikin 100, a mako na 8 kuwa fiye da kashi 90. Shi ya sa ƙa'idar gwajin ita ce mako 8, ana kuma fara ƙirga daga ranar da kare ya koma sabon abinci zalla. Wanda ya daina a mako na 2 ya yi kamar manomin da ya tone iri don ya ga ko ya tsiro.

Susa tana iya ci gaba, ko ma ta ƙaru, a makonnin farko saboda dalilai sanannu. Fatar da ta ji rauni takan kamu da ƙwayoyin cuta ko da wani irin yisti, su ne suke kawo ƙuraje masu mugunya, da maiƙo, da wari, da baƙin datti a kunne. Waɗannan ba sa jin abinci, sai an yi musu nasu magani, na wanka ko na ɗigawa ko na sha. Ƙuma ma tana iya komowa, don haka maganinta ba ya tsayawa cikin makonnin nan. Wani lokaci likita yakan ba da maganin rage ƙaiƙayi a farkon gwaji don kare ya sami barci, sa'an nan ya tsai da shi kafin ƙarshe domin a ga aikin abincin shi kaɗai.

Akwai kuma karen da sabon abincin kansa ba ya karɓarsa. A wani gwaji da aka buga a 2016, an ba karnuka 10 masu alajin kaza abincin da aka yi da farfasasshiyar hantar kaza, sai 4 cikinsu suka ƙara susa. Da aka ba su wanda aka farfasa ƙwarai da gaske, daga gashin tsuntsaye, ko ɗaya bai tashi ba. Saboda haka a gaya wa likita dukan abin da karen ya saba ci, domin ya zaɓi wanda ya dace. Idan susa ta ƙaru sosai cikin kwanakin farko, a koma wurinsa ya sake wani iri.

YAUSHE ZA A RUGA WURIN LIKITA?

Ɗan laushin kashi na kwana biyu ko uku, kare yana ci yana sha yana wasa, ba abin tsoro ba ne. Amma ga alamun da ba a jira da su:

1. Jini a kashi, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta.
2. Amai a kai a kai, har ruwa ba ya zama a ciki.
3. Zawo kamar ruwa da ya wuce kwana 2.
4. Ƙin ci da ya wuce yini guda, tare da kasala.
5. Dasashi ya bushe ko ya yi fari fat, ido ya faɗa, in an ja fatar wuya ba ta komawa da sauri.
6. Fuska ko leɓe ko fatar ido ta kumbura, ko jiki ya yi rudu-rudu, ko numfashi ya yi wuya.

Kwikwiyo kuwa ba a jira da shi ko yini ɗaya. Amai da zawon jini a jikin kwikwiyo yana iya zama ciwon fabo, mai kisa cikin 'yan kwanaki, wanda ba ruwansa da sake abinci.

Kada a ba kare maganin mutane bisa ga zato. Maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da farasitamol suna iya lalata masa ciki da ƙoda da hanta.

AIKIN DUKAN GIDA NE

A nan ne gwaji ya fi lalacewa. Cikin makonni 8 ɗin nan, abin da zai shiga bakin kare shi ne abincin gwaji da ruwa, shi ke nan. Ba ƙashi, ba ƙanzo, ba gutsuren burodi, ba sauran tuwo. Loma ɗaya ta isa ta ta da ƙaiƙayi na kwanaki, a rasa gane inda aka kwana.

Maigida, ka tara iyali ka bayyana musu dalili kafin a fara. Uwargida, a sami wurin zuba sauran abinci inda kare ba zai kai ba, a rufe kwandon shara. Ku yara, mun san tausayi ne yake sa ku jefa masa nama a ɓoye idan ya zuba muku ido, amma a wannan lokaci hana shi shi ne taimakonsa. A roƙi maƙwabta da baƙi su ma. Karen da ya saba yawo juji da mahauta dole a tsare shi a gida, a riƙa fita da shi da igiya safe da yamma. Idan karnuka biyu ne, a ba su abinci a wuri dabam, a wanke kasko. Har magunguna ma a tambaya, gama waɗansu ƙwayoyin maganin tsutsa da na ƙuma ana yi musu ɗanɗanon nama.

Ko da ba a gwaji, miyarmu ba abincin kare ba ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jajayen ƙwayoyin jini. Cakulan da goro da inabi su ma dafi ne a gare shi.

A sami ɗan littafi, a ba yaro ɗaya mai hankali ya riƙe kamar rajistar aji. Kowace yamma ya rubuta kwanan wata, da sau nawa kare ya yi kashi da yadda yake, ya kuma ba susa maki daga 0 zuwa 10. In an yi kuskure kare ya saci wani abu, a rubuta, kada a ɓoye. Ido yakan manta yadda abu yake wata guda da ya wuce, amma takarda ba ta mantuwa. Wannan littafi zai taimaki likita ƙwarai.

MATAKI NA ƘARSHE

Idan mako 8 ya cika kare ya warke, saura abu ɗaya. Sai a komar da shi kan tsohon abincinsa da gangan. Mutane da yawa ba sa son wannan, amma in ba a yi ba, ba za a san ko abinci ne ya warkar da shi ba, ko maganin ƙuma, ko sakewar yanayi. Bincike na 2020 ya nuna rabin karnuka masu alajin abinci susa takan komo musu cikin kwana 5, kashi 90 cikin 100 kuma cikin kwana 14. Da zarar ta komo, a mai da shi kan abincin gwaji har ya lafa. In kuwa kwana 14 ya wuce ba abin da ya faru, to, abinci ba shi ne mai laifi ba, ba kuwa dalilin ci gaba da sayen buhu mai tsada.

Idan an tabbatar abinci ne, sai a riƙa ƙara abu ɗaya ɗaya, kowanne mako 2: naman shanu, sa'an nan kaza, sa'an nan madara, sa'an nan alkama. Ta haka za a kama ainihin mai laifin. Sau da yawa abu ɗaya ne ko biyu. In an san su, sai a guje su, kare ya ci sauran abinci mai araha har iyakar ransa.

Idan kuma mako 8 ya cika ba sauƙi, an kuwa kiyaye doka sosai, wahalar ba ta tafi banza ba. Likita yana iya gwada wani irin abinci sau ɗaya kuma, ko ya juya ga ƙura da ƙwayar furanni da ƙananan ƙwarin ɗaki, waɗanda su ma suke sa karnuka da yawa susa, suna kuma da nasu magani.

Saboda haka kafin a sayi buhun farko, a lissafta ko aljihu zai kai mako 8, a tambayi iyali ko za su iya riƙe dokar. In an ga ba za a iya buhu ba, a roƙi likita ya tsara dafaffen abinci na gida. In an fara kuwa, a daure a kai ƙarshe. Dabbar da take kwana a waje tana tsaron gidanmu ta cancanci haƙurin wata biyu.